Randar da Aka Ce Ba Ta da Mai Ita

Fuska a murtuke Edna ta shiga ofishin da ake tara kayan tarihi a Gombe. Tun bikin samun 'yancin kai wasu ma'aikata suka bi gida-gida a unguwar Herwagana suna aron kaya, wai za a nuna wa baƙi a mayar. Suka ɗauki randar uwarta Mama Dokas, wadda kakar Edna ta gina da hannunta a ƙasar Tangale. A zuriyarsu da wannan randa ake raka kowace amarya, ta ɗebi ruwa a ciki ta ba mijinta. Aro suka ce! Ga Edna ta isa aure, randa shiru.

A bayan tebur ta tarar da sabon akawu mai suna Titus, da akwatunan kati a gabansa.

"Sannu da zuwa. Me ke tafe da ke?"

"Kayanmu za ka ba ni."

Ya ɗago kai, biro ya tsaya masa a hannu.

"Sunan mai kayan fa?"

"Da kun rubuta ai da ba ka tambaye ni ba."

Dariya ta kuɓuce masa. Ya jawo mata kujera ya yi mata bayani: kowane abu a gidan yana da katinsa, inda ake rubuta garin da aka samo shi da sunan mai shi. Aikinsa shi ne ya bi katunan ɗai-ɗai, ya ware waɗanda aka bar musu giɓi, don a nemo bayanin a cike.

Tare suka yi ta dubawa har suka kai ga wani da aka rubuta "Randa ja, mai zane a wuya." Ƙasa da haka babu komai. Ya kai ta ɗakin ajiya, ga randar nan a lungu, yanar gizo ta rufe bakinta. Edna ta shafa ta, hawaye ya zubo.

"Daina kuka, Mai Randa," in ji Titus. "Kin ga, na sa katinki a saman waɗanda za a gyara."

"Za mu gani, Malam Kati."

Daga nan kullum Lahadi yana tsaye a ƙofar majami'a da kekensa. Yana tura keken tana gefensa, hanyar da ba ta da nisa sai su mai da ita doguwa.

"Mai Randa, ni fa na duba kaina, na ga akwai giɓi."

"To ka ware kanka mana, a nemo bayani."

"Na samo. Ga shi nan yana harara ta."

Ta rufe fuska da gyale ta shige gida.

Ranar da Mama Dokas ta ji inda yake aiki, tsakar gida ba ta ɗauke ta ba.

"Yaron ɓarayin tukwane? Sun kwashe randa, yanzu 'yar suka zo ɗauka? Ita ma aro ne?"

"Mama, shi ne fa yake ƙoƙari."

"Rufe mini baki. Babu aure a gidan nan sai randar uwata ta shigo ta ƙofar da ta fita."

Sai ga Alfred, ɗan kwangilar da kuɗin mai suka sa shi ƙiba, ya fara faka Fijo a ƙofar gidan yana neman Edna. Ya ce ya san manya, magana ɗaya zai yi a dawo da randar. Mama ta saki fuska har da dama masa kunu. Bayan kwana biyu ya sauke wata shirgegiyar randa sabuwa fil daga kasuwa.

"Mama, ƙasa ai ƙasa ce. Wannan ma ta fi girma."

"Uwarka ma in ta ɓata, sai a sayo maka wadda ta fi girma ko?"

Da muciya ta raka shi har mota.

Ana cikin haka umarni ya zo cewa duk abin da ba a san mai shi ba a kwashe shi a kai babban gidan tarihi a Ikko. Shugaban ofis bai wahalar da kansa ba. Ya ga tarin katunan da Titus ya ware tsaf, ya ɗauka ya ba masu lodi. Kayan da ke rubuce a katin sama aka fara sawa a akwati.

Edna ta zo ta ga randarsu cikin ciyawa ana shirin buga ƙusa.

"Wa ya nuna musu ita?"

Titus ya sunkuyar da kai. "Katunan da na ware ne. Ednata, don a gyara na ware."

"Shekara da shekaru tana lungu ba wanda ya kula ta. Sai da na yarda da kai za ta bar garin."

Ta juya. Ya bi ta da keke har gida, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Bai tafi ba. Ya durƙusa a gaban Mama Dokas tana tankaɗe.

"Mama, laifina ne. Gobe da safe mota za ta tashi. Dokar aikinmu ta ce in shaidu biyu suka tsaya a kan mai abu, a cike katin, kuma kayan aro a mayar. Shugabana ya ce ba shi da lokacin jin tsofaffi. Ni ina da biro. Ki kawo mini mutum biyu."

Mama ta dube shi sama da ƙasa. "Biyu ka ce?"

Washegari Mama ta kira mu, duk mu matan zumuntar majami'a muka fito, da zanenmu iri ɗaya, da tulun kiɗa, muna waƙa. Muka zauna a gaban motar, Mama Dokas kuwa ta haye bisa akwatin ta miƙe ƙafa. Direba ya yi ta hon har ya gaji.

Shugaban ya fito yana kumfar baki. "Wannan kayan gwamnati ne! Ba shi da mai shi!"

"To a rubuta ni ma ba ni da mai ni, a kai mu tare," in ji Mama.

Titus ya ɗora katin a kan gwiwarsa. "Su wa suka san randar nan ta Dokas ce?"

Hannuwa suka tashi ko'ina.

"Titus, in ka rubuta, ka bar aikin nan yau!" in ji shugaban.

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ya rubuta, harafi manya-manya, ya sa hannu, ya ajiye makullin ofis a kan motar. Edna ta matso ta riƙe masa gefen riga, a gaban kowa.

"Malam Kati, yanzu me za mu ci?"

"Ruwa dai ba zai gagare mu ba, Mai Randa."

Dole shugaban ya bari aka fito da randar daga akwati. Mama ba ta yarda kowa ya taya ta ba. A ka ta ɗauko abinta har Herwagana. A ƙofar gida ta waiwayo.

"Kai marar aiki, ka ce wa iyayenka su zo."

Bayan girbi aka ɗaura aure, lokacin Titus ya fara koyarwa a makarantar garin Kwadon. Edna ta ɗebo ruwa a randar, ta durƙusa ta miƙa masa, ya shanye har ɗigon ƙarshe. Mama ta dafa kawunansu ta ce Ubangiji ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu taurin kai irin nasu. Muka amsa da amin har da guɗa.

Motar kuwa ta tafi da sauran kayan mutane, har da ƙwaryata ta zane. Masu riƙe da ita su sani sunana Selina, ina Herwagana, ban mutu ba. Amarya da ango, Allah ya bar ku tare.