Hancin Marigayi

Inna tana ninke kayan wanki a falo Auta ya ajiye mata takardar asibiti. Likita zai rage masa tsinin hanci, wanda ya yi gaba har abokai suke kiransa Bakin Buta tun yana firamare.

"Hancin mahaifinka za a yanka?" in ji Inna. "Allah ya jiƙansa, shi kaɗai ya bar min nake kallo! Yarinyar nan ce ta zuga ka ko? To an fasa auren!"

"Inna, wallahi ba ita ba ce—"

"Rufe min baki!"

Yarinyar da Auta zai aura malamar makaranta ce, saura wata biyu bikinsu. Da labari ya je mata ta yi kukanta ta share hawaye, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Kullum in ta tashi daga aiki sai ta biyo ta gaida Inna, Inna kuwa ta amsa da ƙyar tana kallon bango.

Ranar ganin likita Malama ta durƙusa ta ce, "Inna, ki daure mu je tare. In bayanin bai kwanta miki ba, ni zan fara roƙonsa ya haƙura."

Inna ta yarda, suka tafi su uku. Likita ya nuna musu hoton Auta ta gefe a kwamfuta. Ya ce guringuntsin ƙarshen hancin kawai zai rage ya mayar baya kaɗan, ba zai taɓa ƙashi ba. Ya duba fayil ya yi murmushi, ya dubi Inna.

"Shekara huɗu kenan yana zuwa yana fasawa, wai kar ranki ya ɓaci. Malama ma cewa ta yi ita hancin bai dame ta ba."

Inna ta juya ga ɗanta. "Shekara huɗu? Ai lokacin ba ka ma san ta ba!"

"Inna, ban taɓa yarda an ɗauke ni hoto ta gefe ba. Ba ki lura ba?"

Ba ta lura ba kam. Mijinta take ta gani a fuskar, ta manta da yaron da ke yawo da ita. Kunya ta rufe ta, ta kamo hannun Malama.

"'Yata, na zalunce ki. Ki yafe min."

"Haba Inna, ni ba ki yi min komai ba."

Aka yi aikin lafiya, kumburi ya saɓe kafin biki. Haƙurin Malama ne ya tsare mata aurenta, Inna kuma ta gane cewa kewar wanda ya rasu ba hujja ba ce ta ƙuntata wa mai rai.