Kwana Goman Kawu Nafi'u

Ku matso. Uwani, kashe tocilan ɗin nan, ba na son haske a fuskata. Ba ku ne kuka dame ni da tambayar me ya sa Kawu Nafi'u yake yi wa kwamfuta sallama kamar mai taɓin hankali ba? To yau za ku ji, wanda ya yi fitsarin kwance ba ruwana.

Lokacin yana aikin rubuta manhaja a wani bene a Samaru. Irinsu ba sa gwada aiki a kan kwamfutarsu kai tsaye. Wata ƙarama suke ginawa a cikinta, kamar a yanki ɗaki a cikin ɗaki. A ɗibar mata ƙwaƙwalwa, a ɗibar mata wurin ajiya. In ta lalace, babbar tana nan lafiya lau. Kuma suna ɗaukar mata hoto, ba na fuska ba, Bashari, na yadda take a ranar. In ta rikice, a mayar da ita ranar.

Akwai guda da ya gina ya manta da ita a kunne, wata bakwai ba ya leƙawa. Kun dai san abin da ke tarewa a ɗakin da aka bari ba kowa.

Sai kakarmu Inna Delu ta kwanta ciwo. Shi ya yi jinyarta. Daren da za ta cika ta kori kowa, ta yi masa magana a kunne, ta ce ya faɗa wa dangi ranar sadakar bakwai. Duk duniya shi kaɗai ya ji.

Ana gobe bakwai, ranar Juma'a, ya leƙa ofis da tsakar rana. Kowa ya tafi masallaci. Ya ga babbar kwamfutar tana nishi, ya bincika, ashe ƙaramar nan ce ta kumbura ta cinye wuri. Ko bisimilla bai yi ba. Ya mayar da ita hoton farko, na wata bakwai baya.

Fankar kwamfutar ta tsaya cak.

Sai ya ji ƙamshin turaren wuta, irin na ɗakin mai jego.

Wani dogon mutum na zaune a kujerar kusa da shi. Ƙofa kuwa a kulle take, mukullin na aljihun Kawu. Mutumin ya motsa baki, amma muryar daga lasifikar kwamfutar ta fito.

“Yau suna a gidana.”

Kawu ya ja kujerarsa baya. Mutumin ya ci gaba.

“Ɗazu matata na riƙe da jaririya. Yanzu hannunta ba komai. Ka mayar mana da gida baya, Nafi'u.”

“Ban... ban san da mutane ba.”

“Ka yi sallama?”

Kawu ya girgiza kai.

“Dawo da ita. Abin da ka kasa dawowa da shi, a jikinka zan cira.”

Kawu ya juya ga kwamfutar. Ya buɗe jerin hotunan. Na wata bakwai. Na wata biyar. Mutumin ya sunkuyo, numfashinsa sanyi kamar an buɗe firij. Can ƙasa sai ga wanda na'urar ta ɗauka da kanta, kwana goma da suka wuce. Shi ne na ƙarshe. Ya danna.

Fanka ta tashi. Daga lasifika wata mace ta yi nishi, nishin mai tsohon ciki.

Mutumin ya saurara. “Ta koma ciki. Za a sake haifarta, na gode. Amma kwana goma ka ci mana. Kafin ka taka ƙofar gidanku zan karɓi naka.”

Kujera ta juya ita kaɗai. Ba kowa a kanta.

Ni ya kira a waya daga cikin Keke, yana haki, ya kwashe duk wannan ya faɗa mini. Ni kuma sakarya na tsaya ina ta salati, ina “sai me ya faru?” Sai da na jiyo ƙarar Keken a bakin layinmu lissafin ya faɗo mini. Kwana goma! Ai rasuwar Inna na ciki.

Na ce, “Kawu, bar wannan! Me Inna ta faɗa maka? Faɗi yanzu!”

Ya ce, “Ta ce in gaya muku...”

Na ji ƙyauren gida ya yi ƙara.

“Kawu? Ta ce me?”

“Wa?” in ji shi, murya sakayau. “Inna? Ai ga ni na shigo, bari in tambaye ta. Ta sha maganin rana kuwa?”

Ni na tare shi a soro, ni na faɗa masa. A gabana ya yi kukan mutuwar uwarsa karo na biyu. Washegari dangi suka cika tsakar gidan nan suna jiran saƙon Inna, shi yana kallonsu.

Saboda haka duk abin da kuka bari a kunne kuka manta, kada ku koma masa ku kaɗai da tsakar rana, kuma ku yi sallama. Bashari, wayar wa nake gani tana haske a ƙarƙashin filo?