Zauren Jira Na Tara

Ana gab da kiran magariba allon ɗakin kula ya nuna fitilu sun kama a zauren jira na tara, wanda aka rufe tun bara.

Uwar Biyu ce a kan kujera. Shekararta shida tana aikin tsaro a filin jirgin nan, inda na'ura guda ke riƙe da kyamarori, ƙofofi, fitilu da sanyi. In ta ji motsin mutum ta kunna, in ta ƙirga kowa ya fita ta kashe, ta kulle. Tun da Uwar Biyu ta fita takaba ba abin da ke ɗaɗa ta da ƙasa. Abinci ma turawa kawai take.

A ƙa'ida mutum biyu ke zuwa dubawa. Dogo, abokin aikinta, yana alwala.

"Jira ni mana, Yaya."

"Yi sallarka, wayar wuta ce ta saki."

Ta goga katinta, ƙofar gilashi ta buɗe. Lambar da ke saman ƙofar ta nuna mutum ɗaya ya shiga.

Kujeru lulluɓe da leda. Warin tsohon fenti. Can ƙarshen zauren tayar akwati na gurzar daɓe, kurrr, kurrr. Ba kowa. Fitilu na ƙara haske ɗaya bayan ɗaya, suna nufo ta.

Wani sanyi ya gogi kafaɗarta, mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ƙofar ta buɗe, ta rufe.

Lambar ta koma sifiri.

Fitilu suka mutu. Sakata ta ce ƙas.

Ta kaɗa hannu sama, na'urar ba ta ji ta ba. Ta goga kati, ya ƙi. Ta ɗago rediyon hannu.

"Dogo, buɗe min ta tara."

Sai muryarsa ƙasa-ƙasa: "Yaya, ai kin fito. Ga ki nan a kyamara, kin nufi ƙofar waje."

A karon farko cikin wata biyar gabanta ya faɗi. 'Yan biyunta na gida su kaɗai.

"Kulle ta waje!"

"Na kulle. Ta tsaya... Innalillahi, Yaya, kyamara take kallo. Taki ƙofar kuma ta ƙi buɗuwa."

Iska ta ɗauke. Numfashinta ya fara sarƙewa. Ta lalubi bango har ta taɓo maɓallin gobara. Ta san aikinsa sarai: ba ƙofarta kaɗai zai buɗe ba, duka ne, har da ta waje.

Ta danna.

Da ta isa gida ta tarar an yi wa yaran wanka, sun ci sun ƙoshi.

Har yau ƙofofin filin ba sa buɗe mata, sai ta jira wani ta bi bayansa. Wannan bai dame ta ba. Abin da ke hana ta barci shi ne abin da ƙaramar ta ce a daren, tana jan mayafinta:

"Mama, ɗazu da kika dawo kin yi mana dariya. Ƙara yi."