Izinin da Ba Ta Taɓa Nema Ba

Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar lasisin likita, duk a wajen duba majinyaci. Malamai suka ce hannunta ya iya, bakinta ne bai san darajar mutane ba. Gobe za ta sake zama jarrabawar, shi ya sa ƙarfe ɗayan dare ya riske ta ita kaɗai a ɗakin gwaji, tana gaida gadon da ba kowa.

Tana juyowa daga wanke hannu, sai ga wani tsoho zaune a gadon, lulluɓe da farin zane.

"'Yata, gwada a kaina mana."

Ta ɗauka majinyaci ne ya kasa barci. Ta gyara murya yadda ta haddace.

"Sannu, Baba. Ka ba ni izini in duba ka?"

Ya miƙo hannu, sanyi ƙalau, yana warin magani mai sa ido ƙwalla. Ta danna wuyan hannun, shiru. Ta sake dannawa cikin takaici. Shekara shida tana karatu, ko bugun jini ta kasa nemowa!

"Ba laifin yatsunki ba ne," in ji tsohon.

Zanen ya zame. Daga ƙirji zuwa cibiya, karkataccen ɗinki ne na ɗaliba mai sauri. Ta gane aikin hannunta ne.

"Shekara guda kina yanka ni a ɗakin gawa don koyon aiki, ko sannu ba ki taɓa ce min ba. Yau da akwai maki, kin iya neman izini."