Jibi A Hannun Bakanike

Ranar Asabar da yamma gidan Baba Kafinta ya cika da ƙamshin guga. Auta na tsakiyar falo tana goge farar rigarta ta mawaƙan coci, Baba na kan kujerarsa ya manna rediyo a kunne, Mama kuwa ta baza zani a cinya tana ɗaure rosarin mutane, wato carbin addu'a, da suka tsinke. Shekara goma sha tara tana shugabancin ƙungiyar matan ikilisiya, har yara ba su san ta da wani suna ba sai Mama Shugaba. Mace ce mai kirki, wannan ba musu, amma in ta kafe a kan magana ko jaki sai ya sara mata.

Auta ta juya rigar nan sau uku ba dalili, sannan ta yi gyaran murya.

"Mama... dama Injiniya ne ya ce in tambaya, ko iyayensa za su iya zuwa ƙarshen wata."

"Wane Injiniya? Bakanike dai! Kira shi da sunan sana'arsa." Mama ta ajiye rosarin. "Ki gaya masa kada su wahalar da ƙafarsu."

"Haba Mama! Me ya yi?"

"Me ya yi? Baban yara, ka ji ta, wai me ya yi!"

Baba ya ƙara wa rediyo murya, don ya san hadari in ya haɗu.

Ga abin da ya faru. Lahadin da ta wuce, bayan Misa ta farko, Mama da matanta goma sha biyu suna bakin ƙofar coci suna ɗaure sabulu da barguna da za su kai asibiti. Ana tsakiyar Misa ta biyu, ko albarka Fada bai sa ba, sai ga saurayin Auta ya fito da sauri, hannu dafe da ƙirji. Mama, da ta riga ta gaya wa mata cewa ga surukinta nan, ta washe baki ta ce, "Sannu ɗana!" Ya sunkuyar da kai. Ta ƙara, da ƙarfi: "Na ce sannu!" Ya ƙara sunkuyawa, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ma'ajin ƙungiya ta yi wani ɗan tari, kuma tarin nan ya fi komai ƙona wa Mama rai.

"Mama, ai na yi miki bayani," in ji Auta. "Jibi Mai Tsarki, gurasar da Fada ya tsarkake a Misa, yake ɗauke da shi a ɗan akwati a ƙirjinsa, yana kai wa marasa lafiya da ba sa iya zuwa coci. Fada ne ya ce in suna ɗauke da shi kada su tsaya hira a hanya."

"Gaisuwa ce hira? Kuma nan ne ma kika ƙara ɓata shi! Jikin Ubangiji a hannun bakanike? Hannun da ke wuni cikin baƙin mai? Ni tun ina yarinya hannun Fada na sani. Ko layin karɓar Jibi aka raba, na Fada nake bi."

"Mun sani," Baba ya ce a hankali. "Har ƙafa kike taka wa mutane wajen canza layi."

"Baban yara!"

"Rediyo nake wa magana."

Auta ta so ta yi dariya, amma hawaye ya riga ta. Ta zare guga, ta shige ɗaki ta faɗa kan gado. Shekara biyu tana son yaron nan, tun ranar da motar mawaƙa ta mutu a hanya ya shiga ƙarƙashinta da kayan cocinsa, kuma ta san ba za ta taɓa aure ba tare da albarkar uwarta ba.

Ranar Litinin da rana ta nufi gareji. Ta tarar da ƙafafunsa kawai, sauran jikin na ƙarƙashin wata tsohuwar mota. Ta shuri takalminsa.

"Fito, muna da miting!"

Ya zamo waje yana murmushi, fuska duk baƙi. "A'a, Mawaƙiya! Yau babu firaktis ne?"

"Bar wasa, magana ce siriyos. Mama ta ce kada mutanenka su zo. Filis, ka ajiye aikin nan na kai Jibi, ko na wata uku, har a ɗaura aure. Ko kuwa in ka gan ta ka buɗe baki ka ce sannu. Kalma ɗaya!"

Ya zauna a kan taya yana goge hannu da tsumma.

"In na amsa gaisuwar Mama, sai in amsa ta ma'aji, da ta sakatariya, da ta mai sayar da kyandir. Kin san gaisuwar matanmu, sai an tambayi lafiyar kajin gida. Gida bakwai nake zuwa. Akwai wani tsoho makaho, tun ƙarfe takwas yake sa a fito da kujerarsa bakin ƙofa, yana sauraron ƙarar babur ɗina."

"To ni fa? Ni ba na jira?"

"Kina jira, kuma yana damuna fiye da yadda kike zato. Amma in na bar tsohon nan saboda ke, wata rana ke da kanki za ki raina ni."

Ta juya masa baya tana share ido. Haushi take ji, don ta san gaskiya ya faɗa, kuma babu abin da ya kai wannan ban haushi a wurin mai fushi.

"Sori," ya ce. "Yau da yamma zan zo in ba ta haƙuri da kaina."

Ya zo kuwa, cikin wankakkiyar riga, ya durƙusa a ƙofar falo. "Barka da yamma, Mama." Mama ta fito daga kicin, ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗora hannu a ƙirji, ta sunkuyar da kai a natse, ta wuce shi ta shige ɗaki. Baba ya shaƙe da ruwan da yake sha, sai da bakaniken ya tashi ya bubbuga masa baya.

"Yi haƙuri, ɗana," in ji Baba yana hawayen dariya. "Ni shekara talatin da huɗu nake kan wannan karatun, har yau ban ci jarrabawa ba."

Haka aka yi ta yi har wata guda. Duk Litinin yana zuwa ya durƙusa, duk Litinin Mama ta dafe ƙirji ta wuce. Bai yi fushi ba, bai fasa ba. Auta kuwa ta rame, har shugaban mawaƙa ya tambaye ta ina muryarta ta tafi.

Sai ranar wata Juma'a, ranar da mata ke wanke coci. Mama ta ce furannin da ke gaban siffar Maryamu sun karkace, kuma babu wanda ya iya gyara su sai ita. Ta hau benci, benci ya zame a kan jiƙaƙƙen siminti, sai ji aka yi tim! A asibitin da ta saba kai wa mutane barguna aka ɗaure mata ƙafa, likita ya ce mako shida ba taka ƙasa.

Fada ya zo duba ta ranar Laraba, ya ba ta Jibi, ya zauna yana tsokanarta.

"Mama Shugaba, zan sa sunanki a jerin masu kai wa ranar Lahadi."

"Fada, kai za ka kawo?"

"Ranar Lahadi Misa uku gare ni, ga ƙaramin coci a bayan gari. Sai dai a raba ni biyu. Unguwarku kuwa ta bakanikenmu ce."

"To a bari. Zan jira."

Fada ya ɗaga kafaɗa. "Jikin Kristi ba ya canzawa don hannu ya canza, Mama. Amma ba na tilas."

Lahadin farko ta yi ta da taurin kai, tana jan rosari da ƙarfi kamar mai faɗa da shi. Ta biyu ce ta karya ta. Auta ta tafi waƙa, Baba ya tafi Misa, gida ya yi tsit. Ƙararrawar coci ta kaɗa daga nesa, Mama ta san yanzu an tsaya, yanzu an durƙusa, yanzu an fara layi. Rabonta da rasa Jibin Lahadi tun haihuwar Auta. Ta ji kamar an yi biki a gidansu an manta da ita, ta kifa kai a matashi ta yi kuka mai isarta.

Da Baba ya dawo ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ka gaya wa Fada ya sa sunan."

"Sunan wa?"

"Baban yara, kada ka ja ni!"

Lahadi ta uku tun da safe ta sa aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, aka ajiye gicciye da kyandir. Ta ɗaura ɗankwalin ƙungiya. Da yake ita irin mutanen da ce, ko ruwa ba ta sa a baki kafin Jibi, duk da an ce mara lafiya ba dole ba ne. Ƙarfe goma ta yi, shiru. Sha ɗaya, shiru. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta ɗaga kai. Auta ta dawo daga coci ta tarar da ita tana hararar agogo.

"Ina yaron nan ya tsaya? Ko wasu ne suka tare shi da surutu? Mutane ba su da tausayi, ba su san ana jira ba!"

Baba da Auta suka dubi juna, kowa ya danne bakinsa.

Ana saura kwata ƙarfe ɗaya babur ya tsaya. Ya shigo hannu a ƙirji, bai ce wa kowa komai ba, ya durƙusa gaban tebur ya ajiye ɗan akwatin. Sannan ya yi alamar gicciye, ya karanta bisharar ranar, suka yi addu'ar Ubanmu tare. Da ya ɗago Jibin, idon Mama ya sauka a kan hannun da ta yi wata biyu tana zagi. Babu ɗigon mai ko ɗaya. An dirje shi da burushi har fatar yatsun ta yi ja ta tsattsage, an yanke farce har kusa da nama.

"Jikin Kristi."

"Amin," ta ce.

Aka yi shiru na addu'a. Da aka gama ya rufe akwatin da ya zama wayam, ya matso gaban gadonta ya durƙusa da gwiwa biyu.

"Barka da rana, Mama. Yaya ƙafa? Yaya kwanan jiki? Ki gafarce ni da jinkiri. Da gangan na sa gidan nan na ƙarshe, don in na gama in samu bakin gaishe ki."

Mama ta kamo hannunsa tana juya shi.

"Me ka yi wa hannunka haka?"

"Kowace Asabar ne, Mama. Sabulu da lemun tsami da burushi. Man inji ba ya jin lallashi."

Nan fa ta fashe da kuka, Auta ta taya ta, har Baba ya shiga neman wani abu a aljihu da babu shi.

"Ɗana, ni ce zan nemi gafara. Ina kai wa marasa lafiya sabulu shekara da shekaru, ban taɓa sanin yadda jira yake ba sai da na kwanta." Ta share fuska da bakin ɗankwali, nan take shugabancin ya dawo. "Saurara! Mako mai zuwa ka fara da makahon nan da Auta ke ba ni labari, ni in zo duk inda na faɗo. Kuma duk wadda ta tare ka a ƙofar coci, ko ma'aji ce, kada ka kula ta. Ka turo min ita!"

"To, Mama."

"Auta, tsayuwar me kike yi? Ba ki ga mutum ya sha rana ba? Kawo masa abinci! Kai kuma, su iyayen naka sai na aika musu da mota ne?"

Auta ta yi wani tsalle da ihu, ta rungume uwarta har sai da ta taɓa ƙafar.

"Wayyo! Za ki ƙarasa ni kafin bikin!"

Ranar da Mama ta koma coci a kan sanda, ranar aka yi shelar auren ta farko. Fada ya karanta, sannan ya ce duk wanda ya san wani dalilin da zai hana wannan aure ya zo ya faɗa. Matan ƙungiya goma sha biyu suka waiwayo gaba ɗaya suna kallon shugabarsu. Mama ta buga sanda a ƙasa.

"Ku dubi gaba! Bagade yana can!"

Coci ya ɗauki dariya, har Fada sai da ya ɓoye fuska a bayan takarda.

To, 'yan'uwa matasa, ku ɗauki darasi. Da Auta ta yi wa uwarta tawaye, da ta sami miji ta rasa albarka. Da bakaniken ya ajiye aikin Allah don neman shiga, da ya sami mata ya rasa mutunci. Suka yi haƙuri, suka ci gaba da girmama babba ba tare da sun saki gaskiya ba, Allah kuwa ya haɗa musu duka biyun. Ku kuma iyaye, kafin ku yanke wa yaro hukunci a kan abin da bai faɗa ba, ku fara tambayar abin da yake ɗauke da shi, da kuma wanda ke zaune yana jiransa.