Nonon Matankari

Mubaraka na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, amma hankalinta ya tafi can gindin dutse, inda Zaidu ya sayi fili. A ranta har an gama ginin: ƙofa shuɗiya, bishiyar lemo guda, shi kuma yana inuwa ya yi ƙiba, gashinsa ya dawo, yana yi mata gardama a kan gishirin miya. Kaji suka yi ta shagali a faranti ba ta lura ba.

"Ke Mubaraka! Kaji kika tsince ma?" in ji mahaifiyarta, Umma Lantana.

Zaidu malamin makaranta ne, kuma an riga an sa musu rana kafin a gano ciwon daji a hanjinsa. Yanzu asibitin Yamai yake zuwa ana ƙara masa ruwan maganin da suke kira shimiyo, ya dawo Dogon Dutsi a rame, ga gudawa, ga gyambon baki. Likita ya rubuta masa probiyotik, ƴan ƙwayoyin nan masu gyara hanji, ya yarda masa da yawur, wato kindirmon kanti na dafaffiyar madara, amma ya ja kunne a kan ɗanyen nono, don maganin ya karya garkuwar jikinsa. Mubaraka ma'aikaciyar jinya ce, ta san ba wasa likitan yake yi ba.

"Umma, Zaidu ya kira ni. Innarshi ta zo daga Matankari da nonon sanuwarta, ɗanye, shi taka ba shi sahe da marece. Wai in tsami ka gyara ciki, nata ya hi na kanti."

"Shi ba shi da baki?"

"Ƙaƙa za shi ce ma uwatai a'a? Don aurenshi ta yi kiyon sanuwar nan!"

"To kul! Ɗiyar da anka sa ma rana, in ta hango suruka hanya taka sakewa. Ki tahi ki koya mata? Su ce marar kunya munka ba su, su hwasa!"

Mubaraka ta yi kuka har ta gode Allah. Ta rufe ido, ta sake ganin ƙofa shuɗiya da bishiyar lemo, sai dai wannan karon ba kowa a inuwar. Ta tashi ta ɗauki hijabinta.

Ta tarar da Zaidu a gidansu jingine a tabarma, mahaifiyarsa Inna Sahura na miƙa masa ludayin nono. Ta durƙusa nesa, kai a sunkuye.

"Inna, ki gahwarce ni. Nonon ga, in ba a dahwa shi ba, shina iya kashe shi."

Tsohuwar ta saki baki. "La ila! Ni da na shayar da shi, ni za ni kashe shi? Tun ba ki shigo ba kina gwada min kiyon ɗana?"

Zaidu ya karɓa, ya dubi nonon. Ya dai ajiye ludayin a hankali, bai ƙara ɗauka ba.

Kafin la'asar saƙo ya iso gidansu Mubaraka cewa a dakata da maganar aure. Umma ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Matan unguwa kuwa, da ma jira suke, suka samu abin tafiya rijiya da shi. Mubaraka dai ta ci gaba da harkarta. Tana zuwa aiki, tana dawowa, kowace Juma'a ta aika a gaida Inna, ko da ba a amsawa. Zuciyarta na ciwo, amma ba ta yi nadama ba.

Ashe nonon da Zaidu ya riga ya sha bai tafi a banza ba. Zazzaɓi ya kwantar da Zaidu, aka garzaya da shi Yamai, Inna na riƙe da kansa a mota. Tambayar farko da likita ya yi ita ce ko ya sha ɗanyen nono. Da ya ji an daina da wuri, ya ce wanda ya hana ya yi masa babban gata. Inna ta juya wa bango fuska, ta daɗe ba ta waiwayo ba.

Bayan an sallamo shi, wata hantsi aka yi sallama a gidansu Mubaraka. Inna Sahura ce da kanta, ƙwaryar madara a ka, igiyar saniya a hannu. Mubaraka ta zabura za ta ɓuya a ɗaki.

"Dawo nan, ɗiyata! Yau kunyar ta tashi? Zo ki gwada min yadda aka dahwa shi." Ta share hawaye da bakin zane, ta miƙa wa Umma igiyar. "Sanuwar ga ta amarya ta. A maido ranar nan."

Kunyar surukai abu ne mai kyau, amma ba a biyan ta da ran mutum, kuma wadda ta faɗi gaskiya da ladabi ta yi haƙuri ba ta taɓewa. Mubaraka ta hura wuta, Inna na tsugune gefenta tana kallon madarar tana tasowa. A cikin tururin ta hango ƙofar nan shuɗiya a buɗe, ga Zaidu a inuwar lemo yana jiran ta.