Kwanon da ke Dawowa a Cike

Wata bakwai da tarewar Bashira a gidan su Shu'ibu a cikin garin Haɗeja, babu wanda ya taɓa ganin ta kai loma baki. Hajja Yakaka, mahaifiyar Shu'ibu, da kanta take zuba mata shinkafa 'yar gida da romon kifi, a kai ɗaki, kwanon ya dawo yadda ya tafi, sai ɗan gurbin yatsa a gefe. Hajja ta buɗe, ta yi murmushi. Duk matar da ta shigo gidan sai ta sha labari, wai Allah ya ba ta suruka irin ta da, mai kunya, wadda ko ruwa ba ta sha in uwar miji na tsakar gida.

"Ni shekara guda na yi ban ƙoshi a gidan nan ba," in ji ta. "Amaren yanzu kuwa, a tare yau, gobe ki ji ana neman ƙari."

Shu'ibu ma haka ya ɗauka. Shekara uku ya yi yana zarya zuwa garinsu Malam Madori kafin a ba shi ita, komai ta yi daidai ne a idonsa. Sana'arsa bandar kifi, tun safe yana bakin kogi, sai yamma. In ya ce su ci tare, ta ce ta riga shi, ko ta ce azumi take. Yau Litinin, gobe ramuwa, jibi alwashi. Kayan lefe suka fara yi mata yawa, aka ce baƙunta ce. Da ta sami ciki aka ce laulayi ne.

Cikin yana wata uku ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Kafin a isa asibiti cikin ya zube.

Wata malamar asibiti mai suna Radiyya ta ja Shu'ibu gefe, ta tambaye shi yaushe rabon da ya ga matarsa ta ci abinci da idonsa. Ya ce bai taɓa gani ba. Ta ce masa wannan ciwo ne da likitoci suka sani, kuma in aka bar shi, wata rana zuciya ce za ta tsaya.

Da ya koma bakin gadon, Bashira ta juya fuska bango, ta faɗa masa abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Wata biyu kafin bikinsu, mahaifiyarta tana kwance ba lafiya, ta kira ta daga ɗaki. Ita kuwa tana tsakar gida tana cin ɗanwake.

"Na ce, ina zuwa Inna, bari in ƙarasa. Na ƙarasa, Malam. Har na wanke hannu. Da na shiga na tarar rai ya yi halinsa."

Tun daga ranar, in ta ɗauki loma sai maƙogwaronta ya rufe, ta ji kiran nan a kunnenta.

Aka sallame su da magani da ranakun komawa ganin likita. Radiyya ta ƙara musu da wani abu, ta ce sunansa yoga. Kafin cin abinci Bashira ta zauna a tabarma, ta harɗe ƙafa, ta miƙe baya, ta saki kafaɗa da wuya, ta rufe ido, ta ja numfashi a hankali ta sake shi, har ƙirji ya lafa. Shu'ibu ya riƙa barin kifi a hannun abokin sana'a, ya dawo da azahar su zauna tare. Satin farko cokali biyu na kunu ta iya sha. Wata rana kunun ya zauna a cikinta, wata rana ta amayar tana kuka.

Ana haka Hajja ta hango su ta gefen labule. Ta kira ɗanta ɗakinta. Ta ce irin zaman nan a fim ɗin Indiya ta san shi, a gaban gunki ake yinsa. Ta ce yarinya ta zubar mata da jika, ta sa unguwa na cewa ita ce ta hori suruka da yunwa, yanzu kuma za ta raba shi da addininsa. Ko ta daina, ko ta koma gidan ubanta.

Shu'ibu bai taɓa mayar wa uwarsa magana ba. Ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Hajja, ki gafarce ni. Kwanon nan da kike yabo shi ya ci jikanki. Ni ma na yaba. Tana mutuwa a gabanmu, muna sa mata albarka."

Ya ba ta labarin kiran Inna. Ta nuna masa ƙofa. Kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa. Bashira ta koma ko kunun ba ta sha, ta fara ƙulle kayanta, ta ce ba za ta shiga tsakanin ɗa da uwa ba. Tana ƙullewa yana kwancewa, su duka biyun suna hawaye.

Rana ta huɗu da azahar Hajja ta yi sallama a ƙofar ɗakin da ba ta taɓa takawa ba, da kwano a hannu. Ta zauna a tabarma da ƙyar, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ta miƙe ƙafafunta. Ta tambayi Bashira me take faɗa in ta rufe ido. Murya can ƙasa, Bashira ta ce in ta ja numfashi Subhanallah, in ta sake Alhamdulillah.

"To wannan ai zikiri ne. Bakinku ciwo yake da ba ku faɗa ba?"

Ta rufe ido ta yi tare da su. Sannan ta buɗe kwanon, ta yi bismilla, ta ci a gaban surukarta, abin da babu wadda ta taɓa yi a danginsu.

"'Yar nan, ni uwa ce, bari in faɗa miki. Da Innarki ta san abinci kike ci, da ba ta ma kira ki ba. Sa hannu."

Loma uku Bashira ta ci a ranar, hawaye na zuba a cikin kwanon. Sai da aka fi shekara ana zuwa asibiti, ana zaman tabarma, kafin jikinta ya dawo, kuma har yau akwai ranar da maƙogwaron ke rufewa. In ranar ta zo, Hajja ce ke shimfiɗa tabarma.

Kunya ado ce, amma ba duk wanda ya ja hannu daga kwano ne mai kunya ba. Kafin a yaba wa mutum haƙuri, a tambaye shi ina ke masa ciwo.